Sai talauci ya kai ina kafin a saka mutum a inshorar lafiya ta kyauta?

Baban Khadija: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Da tambaya nake tafe, wanda ya sani don Allah ya warware mini. Ina da goggo, ƙanwar mahaifinmu, a nan cikin birnin Zariya take zaune. Shekara shida ke nan da rasuwar mijinta, ita kuma ba ta kai sittin ba. Ƙosai take soyawa da safe a ƙofar gida, shi ne abin hannunta. Tana da hawan jini, bara kuma aka ce suga ya shigo. Duk wata ni da ɗanta muke haɗa kuɗin magani, wani watan a saya cikakke, wani watan a sayi rabi ta riƙa tsallake rana. Kwanakin baya aka zo unguwarsu ana rubuta sunayen waɗanda za a bai wa katin asibiti kyauta. Maƙwabciyarta ta samu, ita ba ta samu ba. Da ta yi magana sai ɗaya daga cikin masu rubutun ya ce mata, "Hajiya ai ke ba kya cikin layin nan, gidanku na siminti ne, ga firiji, ga ɗa ma'aikaci." Firijin nan wallahi tun mijinta na da rai ya daina aiki, kwanuka take jerawa a ciki. Ɗan kuma malamin firamare ne mai 'ya'ya biyar. To abin da nake son sani shi ne, nawa mutum zai riƙa samu a wata kafin a ce ya cancanta? Akwai adadi a rubuce? In akwai, sai in lissafa cinikin ƙosan in kai musu.

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Bari Anti Rabi ta hau, ita ce a cikin harkar.

Ɗan Gyallesu: Adadin shi ne ka san kansila. Shi ke nan na gama.

Anti Rabi Nas: Wa alaikumus salam. Ɗan Gyallesu ka bari a yi wa mutum bayani tukuna, sai ka zo da siyasarka daga baya.

Baban Khadija, kada ka wahalar da kanka da lissafin ƙosai, don ba wanda zai karɓa. A tsarin da muke aiki da shi ba a cewa mai samun naira kaza a wata ya shiga, mai samun sama da haka ya koma gida. Rukuni ake bi. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, ta ambaci masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman, sai kuma matalauta. Huɗun farko da ido ake gane su, ciki ba ya ɓuya, furfura ma haka. Na biyar ɗin nan shi ne rigimar, kuma a cikinsa goggonka take. Ba ta tsufa ta shiga layin tsofaffi ba, ta wuce haihuwa, sai dai a yarda cewa matalauciya ce.

Kuɗin da ake biya wa waɗannan mutane mafi yawansa daga asusun kula da lafiya a matakin farko yake fitowa, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa. Dokar ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kusan rabinsa ya bi ta hanyar inshora. A jihar Kaduna hukumar inshorar lafiya ta jihar, wato KADCHMA, ce take yi wa mutane rajista, a haɗa kowa da asibitin sha-ka-tafi na gundumarsa. Jihar na da gunduma 255, ƙaramar hukumar Zariya kaɗai 13. Ka raba kuɗin a kan wannan, za ka gane me ya sa kowace gunduma gurbi ake ba ta ƙididdigagge.

Baban Khadija: Na gode Anti. To in babu adadi, da me suka auna ta?

Abu Sumayya: Bari in ɗora a kan na Anti, don na taɓa bin yadda ake haɗa rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa. Mataki-mataki ne. Da farko a zaɓi yankunan da talauci ya fi yawa. Sai a tara mutanen unguwa ko ƙauye, maza daban, mata daban, matasa daban, a tambaye su: a nan wurin naku, wane ne talaka? Su ne za su faɗi alamomin, su kuma lissafo gidajen. Bayan nan sai masu ɗaukar bayanai su shiga gida-gida da tambayoyi: rufin ɗaki kwano ne ko ciyawa, daɓen siminti ne ko ƙasa, ina ake ɗebo ruwa, wane irin banɗaki, mutum nawa a gidan, akwai babur, akwai talabijin, akwai firiji. Kwamfuta ta haɗa maki, ta jera gidaje daga mafi talauci zuwa sama. Kayan gida ake sa wa su yi magana a madadin albashi, tunda yawancinmu ba mu da takardar albashi.

Kun ga ke nan firijin goggo ya ba da shaida a kanta, ba a kuma tambaye shi ko yana da rai ba.

Maman Hanifa: Hahaha, Allah ya shirye ka Malam. Amma fa maganar ba ta dariya ba ce. Cikin birni rabin gidajen gado ne. Kaka ya gina da kuɗin auduga ko na gyaɗa, jikoki goma suna ciki ba su da na cefane. Ka tsaya a zaure ka ga ado a bango ka ce gidan masu hali ne, ka shiga ciki ka tarar rabon da a ɗora tukunya sau uku a rana an manta.

Sani Mai Keke: Ni ku bar ni in faɗi nawa. Ko da akwai adadin, ni nawa zan ce ina samu? Ranar da ɗalibai suka dawo, daga Samaru zuwa PZ sai in yi sawu goma ban huta ba. Ranar da jami'a ta tafi hutu ko yajin aiki, sai in wuni ina zagaye Kwangila ina ƙona mai a banza. A cikin abin da na samu in cire balas na mai keke, in cire mai, in cire tikiti, in faci ya zo in cire. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin da ke saura a aljihu ba ya kai rabin na da a wurin saye. Wanda ya gan ni da kuɗi dunƙule a hannu da yamma zai ce mai kuɗi ne, bai san na mutane ba ne. In ka tambaye ni kuɗin shigata a wata, wallahi ƙarya zan yi maka, ba don ina so ba, don ban sani ba.

Injiniya Bashir: Salam 'yan gida, daga nesa nake bin ku. Abin da Baban Khadija yake nema akwai shi a nan Amurka, kuma ina ganin can ya kamata mu dosa. Akwai shirin inshorar lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi da ake kira Medicaid, tun 1965 yake. Kowace shekara gwamnati tana fitar da layin talauci. A 2024 dala 15,060 ne a shekara ga mutum ɗaya, dala 31,200 ga gida mai mutum huɗu. A jihohin da suka faɗaɗa shirin bayan dokar lafiya ta Shugaba Obama ta 2010, duk baligin da samunsa bai wuce kashi 138 cikin 100 na wannan layi ba ya cancanta. Ka cike takarda, a duba bayanan harajinka da na albashi, a ba ka amsa. Ba mai unguwa, ba kansila, ba wanda zai leƙa ɗakinka. Wanda aka hana kuma yana da damar ɗaukaka ƙara.

Sani Mai Keke: Injiniya ai ka faɗa da bakinka, bayanan haraji. Goggo mai ƙosai a ina nata suke?

Abu Sumayya: Sani ya riga ni. Kuma Injiniya ka faɗi rabi ka bar rabi. Akwai jihohi irin Texas da ba su faɗaɗa ba, kuma ko inda aka faɗaɗa, mutum ya samu ɗan ƙarin albashi ya haye layin, sai ya fita daga shirin. Layi duk inda aka ja shi akwai wanda zai tsaya a bakinsa.

Mu ma ba wai ba mu da layi ba ne. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ja shi a binciken 2019: naira 137,430 a shekara ga mutum ɗaya, kusan naira 376 a rana. Da shi aka ce kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya matalauta ne, mutum kusan miliyan 83. Amma wannan layin na ƙidaya ne, ba na tantance mutum ɗaya-ɗaya ba. Kuma yau naira 376 me za ta saya? Ku ɗauki ɗan goggo. A ce ma yana ɗaukar sama da mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Shi da matarsa da 'ya'ya biyar da uwa, baki takwas ke nan. Raba ka gani. A takarda ma'aikaci ne, a tukunya kuwa Allah kaɗai ya san yadda ake kai ƙarshen wata.

Injiniya Bashir: Na yarda ba za a kwafo ba. Amma rashin adadi shi ke buɗe ƙofar son kai. In doka ba ta faɗi lamba ba, bakin mutum ne zai faɗa.

Ɗan Gyallesu: Yauwa! Abin da na faɗa da farko ke nan aka ce in yi shiru. Na san gidan da maigidan ke da shago biyu a kasuwa, matansa duka suna da katin. Na san gurgu mai bara da ba shi da shi. Ku ci gaba da kawo dokoki.

Magajin Zaure: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma tunda an fara jifan masu unguwanni bari in tanka, don mahaifina mai unguwa ne, kuma a gabana aka yi irin wannan aiki. Ba zan ce ba a son kai ba, ana yi, mutane ne. Amma ku sa kanku a matsayinsa. An aiko an ce a kawo suna kaza, unguwa kuma gidajen da suka cancanta sun ninka haka sau biyar. Ranar nan tun asuba zaure ya cika, mata da goyo, tsofaffi da sanda. Ga makauniya, ga mai shanyewar ɓarin jiki, ga wadda aka bar wa marayu bakwai. Ka ce ya tsallake su ya rubuta wadda ke da ɗa mai albashi? Da ya yi haka ku ɗin nan ne za ku ce ya ci hanci. Baba kwana uku bai yi barcin kirki ba, har yau akwai waɗanda ba sa gaishe shi.

Wani abu kuma da ba a faɗa: da yawa an rubuta sunansu, aka zo ɗaukar hoto ba su da lambar NIN, ko sunan da ke kan takardar ya saɓa da wanda aka rubuta. Gurbin ya tafi ga na bayansu. Mai shagon da Ɗan Gyallesu ke magana, ina kyautata zaton takardun gidansa a shirye suke, gurgun kuma ba wanda ya kai shi ya yi.

Maman Hanifa: Magaji Allah ya saka wa Baba. Amma akwai wani abu da ku maza ba ku lura da shi ba. Wannan taron da Malam ya ce ana yi, a tara mata a ce su faɗi wace ce matalauciya, ku a ganinku mace irin goggon nan za ta je? Matar da aka sani da mutunci, mijinta ya rasu da rufin asirinsa, ta zauna a gaban matan unguwa ana lissafa cewa ba ta da shi? Gara ta sha rabin magani. Kuma maƙwabtan ma ba za su ambace ta ba, don a wurinsu cin fuska ne ka kira sunan Hajiya wance a layin matalauta. Muna roƙon Allah rufin asiri dare da rana, to wannan tsarin wanda asirinsa ya tonu kaɗai yake gani. Ina da irinsu uku a layinmu. Mayafi wankakke, turare, in kin shiga gaisuwa har ruwa da goro za a kawo miki, a daren nan kuwa da ruwan zafi aka kwana.

Baban Khadija: Maman Hanifa kamar kin san ta. Ko maganar da ta yi wa masu rubutun ma sai da ta bari kowa ya watse.

Malam Tukur-Tukur: Bismillah. Ina ganin malaman fiƙihu sun riga mu shiga wannan matsala, don zakka ma sai an tantance mai karɓa. A mazhabar Malikiyya an bambanta miskini da fakiri. Miskini shi ne wanda ba shi da komai. Fakiri kuwa yana da wani abu, amma ba zai ishe shi shekara ba. Dukansu an ba su haƙƙi, kuma mallakar gidan da mutum yake kwana a ciki ba ta fitar da shi daga cikin mabuƙata. Alƙur'ani ma ya yi maganar waɗanda wanda bai san su ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kai, ba sa naci wurin roƙo. Abin da na fahimta daga bayanin Magaji shi ne, kuɗin gwamnati iyakarsa miskinai, su ma bai game su ba. Fakirai, waɗanda su ne mafi yawanmu, an bar su a tsakiya.

Ga masu tambayata a gefe ko inshorar ma ta halatta: irin wannan da jama'a ke zuba kuɗi a asusu ɗaya don a yi wa wanda ya kwanta magani, ba don wani ya ci riba da rashin lafiyarka ba, malamai da yawa sun ɗauke shi taimakekeniya. Shi ya sa ma ake kiransa da wannan suna.

Bakano a Samaru: Zage-zagi ke nan, tambaya ɗaya an kawo doka, an kawo Amurka, an kawo fiƙihu, goggo kuma har yanzu ba kati. Ilimi ya yi muku yawa.

Abu Sumayya: Bakano ai da a garinku ne da tuni an sayar da firijin an ce yana aiki.

Hauwa Kongo: Ni tambayata, me ya hana ɗanta ya saka ta a nasa? Ba ana cire masa a albashi ba?

Anti Rabi Nas: Hauwa, tsarin ma'aikata mutum shida yake ɗauka: ma'aikaci, mata ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Uwa ba ta ciki. Shi kansa mai 'ya'ya biyar ɗaya na waje. Mai mata biyu kuwa sai ya zaɓa, na sha ganin rigimar da wannan ke haddasawa a gida, uwargida na da kati amarya ba ta da shi. Ana iya ƙara mutum, amma da biyan kuɗi daban. Wanda ya tsara abin da ƙaramin gida ya yi lissafi, mu kuma a nan albashi ɗaya har ƙannai da 'ya'yan 'yan uwa yake ɗauka.

Baban Khadija, ga shawarata. Hanya biyu ce, ka bi su tare. Ta farko, ka tabbatar NIN ɗinta na hannu kuma sunan daidai yake. Ka je asibitin sha-ka-tafi na gundumarsu ka ga mai kula da wurin, ka kuma nemi shugaban kwamitin ci gaban gunduma, don su ne suke fara jin labari in za a ƙara rajista ko cike gurbin waɗanda suka rasu ko suka ƙaura. Ka tafi da katin asibitinta da takardun maganin, a san ciwo ne mai tafiya. Ta biyu, akwai tsarin masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, wanda mutum ke biyan kuɗin shekara da kansa. Ka je ofishin ka ji nawa ne yanzu, ka kwatanta da abin da kuke kashewa a kemis wata goma sha biyu. Ga mai hawan jini da suga, ina ganin lissafin zai ba ka mamaki. Sai dai ka tambaya da kyau waɗanne magunguna ne a ciki, kuma ka sani ba ranar da aka biya ake fara cin moriya ba, akwai ɗan jira. Manyan abubuwa irin wankin ƙoda na dindindin kuwa kada a sa rai.

Ɗan Gyallesu: A biya, a je a ce babu magani, a rubuto maka ka koma kemis ɗin da ka gudo. Ya faru da ni a wani asibiti, sau biyu.

Anti Rabi Nas: Yana faruwa, ba zan kare ba. Asibiti ana biyansa ne kan kowane mai kati duk wata, in kuɗin ya makara ko bai kai tsadar magani ba, kantar magani sai ta bushe. Amma ko awo da ganin ma'aikacin lafiya da gwajin suga a kai a kai ka samu, ka rage asara. Waɗanda muke karɓa ranga-ranga ana wucewa da su asibitin koyarwa na Shika, yawancinsu masu tsallake magani ne irin yadda goggo ke yi. Wannan tsallaken shi ya fi tayar mini da hankali a duk maganar nan.

Injiniya Bashir: Ghana ma da suka fara nasu a 2003, haraji suka ɗora na kashi 2.5 a kan kayayyaki, suka yafe wa yara 'yan ƙasa da 18 da tsofaffi daga 70 da masu ciki kuɗin shekara. Sun rage wahalar tantancewa ke nan. Amma na lura ko a can mace mai shekara hamsin da 'yan kai sai ta biya ko ta tabbatar ita matalauciya ce. Baban Khadija, in ka jiyo kuɗin shekarar ka yi mini magana ta gefe.

Maman Hanifa: Ni ma a sa da ni, ko kaɗan ne. Amma don Allah kada a faɗa mata daga zaure ya fito.

Baban Khadija: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Bayan la'asar na je wurinta. Takardar NIN ɗin tana nan cikin firijin, a ƙarƙashin kwanukan, a leda. Sai dai sunan mahaifinta ne a jiki, masu rubutu kuma da sunan mijinta unguwa ta san ta, kun ga maganar Magaji ta fito. Na yi mata bayanin hanya biyun. Ta farkon ta ce a bar ta, ba za ta je ta tsaya gaban kwamiti ba, yaran da aka haifa a gabanta. Ta biyun ta yi shiru, can ta ce in fara tambayowa, shin a jikin katin ana rubuta wanda ya biya da wanda aka ba kyauta?

Sani Mai Keke: Litinin ina da sawu ta Ƙofar Doka da safe. Ka shirya ƙarfe takwas in ɗauke ka mu je mu tambayo, ka taho da takardun maganin. Ni ma zan ji nawa ne na mutum bakwai.